Minti 15 da Hannu a Ɗaure

Shafa jel a farce aiki ne mai daɗin kallo. A zaɓi kala, a shafa, a tura hannu cikin 'yar fitilar nan mai shuɗin haske, bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 a zaro shi ya daskare yana ƙyalli. Mako biyu, wani lokaci har uku, yana nan daram ko an sha wanki da wanke-wanke. Ranar cirewa ce ba mai ɗauka a bidiyo. Ran nan mai kwalliya za ta zauna da yatsu goma a nannaɗe da auduga da takardar alminiyom, ba damar ɗaukar waya, ba damar sosa hanci, ɗankwali ya zame sai dai ta bi shi da ido, har tsawon minti 10 zuwa 15. Ga matan da ke bin gidaje da wannan sana'a, waɗanda a Abuja da Kaduna da Kano ake kira masu hom sabis, wannan ɗan zaman ne ke nuna gwana da 'yar koyo. A cikinsa ne kuma aka fi yi wa faratan mutane ɓarna, sau da yawa don kawai shirun ɗakin ya yi wa mai aikin nauyi ta rasa yadda za ta yi da shi.

Jiran dole ne, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka haɗa abin. Jan farce irin na da iska ce ke busar da shi, shi ya sa auduga ɗaya ke goge shi nan take. Jel kuwa hasken fitila ne ke sa ƙwayoyin sinadarinsa su sarƙe da juna, su zama wata roba mai tauri manne da farce. Asiton, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake cire shi da shi, ratsa wannan roba yake yi sannu a hankali, ya kumbura ta, ya sassauta riƙon da ta yi, har ta fara tattarewa tana ɗagowa don kanta. Saboda haka ake fara goge ƙyallin sama da magogi don ruwan ya sami hanyar shiga, a ɗora auduga a jiƙe, a naɗe da kyau. Naɗin ba ado ba ne. Asiton yana tafasa ne a zafin digiri 56 kacal, wato ko ba a ɗora shi a wuta ba tashi yake yi cikin iska. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, ga fanka tana juyawa a sama, audugar da ba a ɗaure da kyau ba za ta bushe tun ba a je ko'ina ba.

Irin wannan jel da ake cirewa da jiƙo bai daɗe a duniya ba. A 2010 kamfanin CND na Amurka ya fito da Shellac, a daidai lokacin da Gelish shi ma yake shiga kasuwa, kuma babban abin da aka tallata su da shi shi ne cewa da jiƙo ake cire su, ba da kankara ba. Daga baya aka sami masu kauri, irin su BIAB na kamfanin The GelBottle da ke Ingila, waɗanda jiƙonsu ya fi daɗewa. Farcen kanti na akirilik yakan ci fiye da minti 20. Akwai kuma jel mai tauri wanda ko kwana ya yi a asiton ba zai motsa ba, sai an goge shi da magogi. Mai hom sabis da ta iso gida ta tarar da aikin wata a hannun kwastoma, ba ta san ko wanne ne a cikinsu ba sai ta tambaya ko ta gwada a yatsa ɗaya. Wadda ta yi alkawarin "minti goma an gama" kafin ta gwada, ita ta jawo wa kanta.

Ga abin da gaggawa ke jawowa. Farce shimfiɗa-shimfiɗa ne na keratin, kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba. Idan aka ɓamɓare jel bai gama jiƙa ba, yakan taso da saman farcen, ya bar fari-fari da kaushi, farcen ya koma yana lanƙwasa yana tsagewa. A 2012 likitocin fata a Jami'ar Miami sun wallafa rahoto kan mata biyar da faratansu suka yi rauni, suka riƙa karyewa, suka kuma sirance bayan kwalliyar jel. Gyaran kuwa ba na kwana biyu ba ne, domin farcen hannu kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, sai ya yi wajen wata shida kafin sabo ya maye gurbin wanda aka ɓata. Mutanen Ingila sun ga wannan a 2020, lokacin da kullen korona ya rufe shagunan gyaran farce tun daga ƙarshen Maris har zuwa 13 ga Yuli: mata da yawa sun zauna a gida da jel a hannu, masu haƙuri suka sayi asiton suka jiƙa, marasa haƙuri suka sa haƙori. Minti biyar da aka yi ƙyashin jira, wata shida ake biyansa.

A shago wannan jira bai cika zama matsala ba. Mai aiki ta naɗe yatsu ta koma kan wata, ga talabijin, ga mata uku huɗu ana hira, ga mai shigowa ga mai fita. Lokaci na tafiya ba a sani ba. A gida abin ya sha bamban. Mutum biyu ne a ɗaki, ɗaya baƙuwa ce da ta zo aiki amma ba abin da hannunta ke yi, ɗaya kuma matar gida ce da al'ada ta ɗora mata tarbar baƙo amma hannunta a ɗaure. Kowace tana jin nauyin 'yar'uwarta. Matar gida tana tunanin ko an kawo wa baƙuwa ruwa, tana jiyo kukan yaro a ɗaya ɗakin, tana tuna tukunya. Mai aiki tana kallon agogo, don akwai wata Hajiya da ke jira a can wani gefen gari, ga cunkoson hanya, ga kuɗin adaidaita sahu.

To a minti na shida sai ka ji ta ce, "Bari mu duba mu gani." Ta warware yatsa ɗaya. Gefe-gefen jel ya ɗago, tsakiya na nan. Iska ta buga, asiton ya tashi, abin da ya fara laushi ya sake ƙanƙamewa. Maimakon ta mayar da naɗi ta ƙara minti biyar, kunya ta hana ta, sai ta ɗauki ɗan ƙarfen tura fata ta hau kankara tana cewa, "Wannan jel ɗin nasu ba shi da kyau." Kwastoma tana jin ƙarar ƙarfe a kan farce, tana cije leɓe, ba ta ce komai ba. Ba za ta sake kiranta ba, kuma ba za ta faɗa mata dalili ba.

Shi ya sa mai wannan shafi yake ganin ɗebe wa kwastoma kewa a wannan zama ba kyautatawa ce ta ganin dama ba. Sashe ne na aikin, daidai da goge ƙyalli da naɗa auduga. Wadda ta iya riƙe mutum a zaune cikin natsuwa har asiton ya gama nasa, ta kare farcen da aka ba ta amana.

Masana harkar kasuwanci sun daɗe suna nazarin jira. A 1985 David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard, ya fitar da wata maƙala kan yadda mutane ke jin tsawon layi. Daga cikin abin da ya lura da shi: jiran da mutum ba ya yin komai ya fi tsawo a ransa, jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi wanda aka faɗi iyakarsa tsawo, haka ma wanda ba a yi bayanin dalilinsa ba, kuma fargaba tana ƙara miƙa lokaci. Masu gyaran farce sukan kama na farko su manta da sauran. Suna ta neman abin da za su kunna, alhali abu mafi sauƙi shi ne a ce, "Hajiya, minti 15 za mu yi, ga agogo na saita, idan ya yi ƙara za mu fara da hannun hagu." A ajiye wayar inda za ta riƙa ganin lissafin yana raguwa. A kuma gaya mata tun farko cewa za ta ji sanyi a yatsu, wataƙila da ɗan raɗaɗi idan akwai yanka, kuma idan zafi ya yi yawa ta yi magana. Rabin gundurar ya tafi tun ba a kunna komai ba.

Matan Hausawa ba baƙi ba ne ga zama da hannu a ɗaure. Ƙunshin lalle ya fi wannan nisa ba kusa ba: sa'o'i ake yi, wani lokaci a kwana, ƙafa a leda, hannu a zunguru a zamanin kakanni. Amma duba yadda aka tsara shi. Ba a fara ƙunshi sai an gama girki, an yi salla, an zaga bayi, an san wanda zai riƙe yaro. Ba a cika yinsa mutum ɗaya ba, akwai ƙanwa ko ƙawa da za ta ba mutum ruwa a baki, ta kore masa ƙuda, ta amsa sallama. Mai ƙunshi da ta san aikinta ita ke tambaya, "Kin gama duk abin da za ki yi?" kafin ta ɗebo kwaɓin. Wannan tambaya ce mai hom sabis ta farce take bukatar ta ara, domin yawancin abin da ke katse jiƙo ba gundura ba ce, uzuri ne da aka manta ba a kawar ba.

Uzurin kuwa sanannu ne. Mai goyo ta shayar kafin a naɗe, don ba yadda za a yi ta ɗauki jariri da asiton a yatsu. A sauke tukunya ko a damƙa ta ga wani. A dubi lokacin salla: wadda ta fara naɗi ana saura minti biyar a kira magariba ta shirya warwarewa da wuri. A cire zobe. Idan akwai kiran da ake jira, a ajiye waya a fili yadda mai aiki za ta danna mata ta sa a lasifika. Har kuɗin aiki ma gara a tura kafin a fara ko a bari sai an gama, tunda wayoyi da manhajojin banki da yawa da zanen yatsa ake buɗe su, ga yatsan a cikin alminiyom. An sha ganin mai kwalliya tana fama da gaɓar yatsa tana son amsa saƙo, naɗi ya sassauta, asiton ya ɗiga a bayan waya ya cinye robar.

Akwai kuma dabarar da ta fi duk wani nishaɗi, wato a hana jiran zama jira. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka, a shawarar da take ba masu cire jel a gida, ta ce a yi hannu ɗaya bayan ɗaya, a shafa man basilin a fatar gefen farce, ta ma fifita ledar naɗe abinci a kan alminiyom saboda ta fi kama yatsa. Mai hom sabis tana iya ɗaukar wannan ta gyara shi. Ta goge hannun hagu ta naɗe, sannan ta koma dama a natse. Kafin ta gama goge na dama ta naɗe, hagu ya ci minti biyar ko fiye. Idan kwastoma ta nemi gyaran ƙafa, nan ne wurinsa: a kawo ruwan ɗumi a jiƙa ƙafa, a goge kaushi, a yi tausa, hannu na can yana jiƙa ba wanda ya tuna da shi. Idan ba ƙafa, akwai tausar dantse daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Akwai zaɓen kala, wanda kowa ya san yana cin minti goma shi kaɗai idan aka baza sandunan samfuri a gaban mace, ta ce wannan, ta ce a'a wancan, ta tambaya ko zai shiga da leshin da za ta sa ranar Asabar. Gwana takan ɓoye sandunan nan sai an naɗe yatsu sannan ta fito da su. Wasu kuma suna lulluɓe hannun da tawul mai ɗumi, wanda ke taimakon jiƙon, ya kuma sa mutum ya daina motsa yatsu.

Kallo da sauraro suna da nasu wurin, kuma ba sa bukatar dogon bayani. A jingina waya, a sa Labarina ko Daɗin Kowa ko fassarar fim ɗin Indiya, ko littafin Hausa da ake karantawa a YouTube, ko karatun Alƙur'ani ga mai so. Sharaɗi ɗaya ne: kwastoma ce za ta zaɓa, kuma ta zaɓa tun hannunta na sake. Gidanta ne. Mai aikin da ta shigo ɗakin mutane ta kunna waƙar da take so da ƙarfi, ko ta dulmiya cikin TikTok tana dariya ita kaɗai alhali wadda ta biya kuɗi tana zaune tana kallon silin, ta yi abin da ya fi shiru muni.

Saura hira, wadda ita ce mafi araha kuma mafi haɗari. Duk macen da sana'arta ke shigar da ita ɗakunan mata, mai kitso ce ko dillaliya ko mai gyaran jiki, ta san cewa labari shi ne abin da aka fi nema a wurinta. Ta fito daga gidan wance, ta ga sabon gado, ta ji an ɗaga murya, ta lura da cikin da ba a sanar ba. Kwastoma mai hannu a ɗaure za ta yi tambaya cikin dabara: "Kin kwana biyu ba ki je gidan su Maman Walid ba?" Amsa ɗaya mai daɗi, minti 15 ya wuce kamar ƙiftawar ido, asiton ya gama aikinsa tsaf. Ta fuskar farce, gulma ta yi amfani. Sai dai mai sauraro ba wawiya ba ce. Tana dariya tana lissafi: wadda ta kawo mini labarin wance, gobe nawa za ta kai. Kuma mai hom sabis tana ganin abin da mai shago ba ta gani, ɗakin kwana, maganin da ke kan madubi, yadda maigida ya amsa gaisuwa. Unguwa ɗaya ce, biki ɗaya ake haɗuwa, kuma kwastomomin nan ta bakin juna ake samunsu. Magana ɗaya da ta dawo kunnen mai ita tana iya rufe ƙofofi biyar a mako guda.

Hirar da ba ta cutarwa tana da yawa: biki mai zuwa, tela da ya ƙi gama ɗinki, farashin tumatir, makarantar yara. Kuma gara mai aiki ta fi yawan tambaya a kan ba da labari. Mace da ke gida da yara tun safe sau da yawa ba labari take nema ba, wanda za ta yi wa magana take nema.

Wata kuma shiru take nema, kuma ita ma a ba ta. A Birtaniya da Amurka wasu shagunan gyaran gashi da farce sun shigar da zaɓin zama ba hira cikin tsarin yin rajista, mutum ya zaɓa tun daga gida ba sai ya ji kunyar faɗa ba. A wurinmu, inda shiru tsakanin mutum biyu ake ɗauka kamar gaba, abin yana bukatar lura. Likita ce da ta kwana a bakin aiki, ko ma'aikaciyar banki da ta yini tana magana, ko uwar 'yan biyu da wannan ne kaɗai lokacin da ba mai kiran sunanta. Idan amsoshinta suka koma "eh" da "a'a", ta jingina kai ta lumshe ido, an gama magana. Mai aiki ta gyara kayanta a hankali, ta wanke ƙarafunanta, ta bar baiwar Allah ta yi gyangyaɗinta. Mai barci ba ta warware naɗi.

Abin da mai wannan shafi ba ya goyon baya ko kaɗan shi ne mayar da zaman kasuwa. Akwai masu jira sai sun ɗaure mutum sannan su zuge jaka: ga humra, ga man bilicin, ga kayan mata, ga atamfa biyan kuɗi sau uku. Kwastoma ba ta iya tashi, ba ta iya ɗaga waya ta yi kamar ana kiranta, kunya kuma ba ta barinta ta ce ba ta so. Za ta saya, amma za ta tuna yadda aka sayar mata. Man shafa wa gefen farce, wannan da sauƙi, don asiton yana busar da fata sosai, balle a hunturu, kuma yana cikin aikin. Sauran kaya a bari sai hannu ya saku, mutum yana da ikon cewa sai wani jiƙon.

Idan ana son magana mai amfani, ga ta nan a kan farcen kansa. Da yawa cikin masu sa jel ba su san cewa yana iya haifar da borin jini ba. Tun 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar masu samun ƙaiƙayi da kumburi da ɗagowar farce saboda sinadaran da ke cikin jel da akirilik, musamman wanda ake kira HEMA, idan ɗanyen jel ya taɓa fata ko fitila ba ta daskarar da shi sosai ba. Abin da ya sa likitocin suka damu shi ne dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su wajen cikon haƙori da wasu ayyukan ƙashi, kuma jikin da ya fara ƙin su ba ya dainawa. Tarayyar Turai kuma daga 1 ga Satumba 2025 ta hana sayarwa da amfani da kayan kwalliya masu sinadarin TPO, wanda ke cikin jel da yawa. Mai hom sabis da za ta iya juya kwalba ta nuna wa kwastoma jerin abin da ke ciki, ta bayyana mata dalilin da ya sa ba a ɓamɓara da haƙori, ta cinye lokacin jira ta kuma sayi yarda. Sannan idan an warware aka ga wani kore-kore a ƙarƙashi, alamar ƙwayar cuta ta sami damshi tsakanin jel da farce, ko aka ga farce ya rabu da nama, za ta iya cewa yau ba za a mayar da sabo ba, a bar shi ya sha iska, idan bai gyaru ba a ga likita. Kwastomar da aka yi wa bayani tun da farko ba za ta ɗauka ana mata rowa ba.

Akwai wani haɗari da shagunan Landan ba su san shi ba amma yana cikin kusan kowane ɗakin Bahaushiya, wato kaskon turaren wuta. Asiton yana kama wuta da sauri ƙwarai, tururinsa ma ya isa, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, inda ake ajiye kasko. Matar gida ta sa turare don karrama baƙuwa, ko don ta kashe warin asiton ɗin kansa, ga garwashi ja a gefen kafet, ga kwalba a buɗe, ga auduga a jiƙe a yatsu goma. Haka kyandir idan an ɗauke wuta, haka maganin sauro na kunnawa, haka risho idan ɗaki ɗaya ne da wurin girki. Kafin a buɗe kwalba a fitar da wuta, a buɗe taga, a shimfiɗa tawul mai kauri don asiton yana cin fentin tebur da fatar kujera. Kada a ɗumama shi a kan wuta ko a na'urar ɗumama abinci don a rage lokaci. Kwalbar kuma a rufe ta a mayar jaka nan take, domin ruwa ne fari tas, yaro mai rarrafe ba ya bambanta shi da na sha, uwarsa kuwa ba ta da hannun fizge shi. Wannan ma dalili ne da ya sa idon mai aiki bai kamata ya nutse a wayarta ba: a wannan zama ita kaɗai ce mai hannu a ɗakin.

Ga mata Musulmi cirewar tana da wani nauyi na dabam. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa isa ga farce yana hana alwala da wanka inganta, saɓanin lalle da ke barin launi kawai. Saboda haka da yawa suna sa jel ne a kwanakin da ba sa salla, ko don wani biki, su kira a zo a cire da zarar lokaci ya yi. Irin wannan kwastoma tana cikin sauri na gaske, kuma ba ta son a bar ko ɗigo a lungun farce. Abu biyu ne masu karo da juna: gaggawa da tsafta. Jiƙo cikakke ne kaɗai ke biyan duka biyun, don shi ke fitar da jel har na gefe-gefe ba tare da an kankare farce ba. Ita ce ta fi cancanta a gaya mata gaskiyar lokaci tun a waya, ta san ƙarfe nawa za a fara idan tana son ta riski azahar.

Duk wannan yana komawa ga kuɗi, kuma nan ne kwastomomi suke da nasu laifin. A ƙasashen da manhajoji ke haɗa masu sana'ar kwalliya da gidaje, irin su Urban Company a Indiya ko Ruuby a Landan, cire jel aiki ne da ake zaɓa a jerin ayyuka, da lokacinsa a lissafe. A nan, inda ciniki ke gudana ta WhatsApp da Instagram, ana ɗaukarsa gyara, kamar ɗan ƙarin da mai awo ke yi. "Ai cirewa ce kawai." Alhali daga goge ƙyalli zuwa naɗi zuwa jiƙo zuwa turewa da ɗan itace zuwa shafa mai, rabin sa'a ya tafi, ga asiton da auduga da alminiyom da ta sayo, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Wadda ba a biya wannan rabin sa'ar ba za ta nemi hanyar mayar da shi minti goma, kuma hanyar ita ce ƙarfe.

Masu sana'ar su sa wa cirewa farashinta a fili, su tambaya tun a waya ko akwai tsohon jel a hannu da kuma wanda ya sa shi, su ƙara rabin sa'a a jadawalinsu kafin su yi wa ta gaba alkawari. Masu kira kuma su faɗi gaskiyar abin da ke hannunsu. Ba daidai ba ne a ce "shafawa kawai za a yi," mai aiki ta iso ta tarar da akirilik na mako biyar a yatsu goma, ga wata kwastoma tana jiranta ƙarfe huɗu.